Ƙaryar Basarke a Babi na Uku

Shekara huɗu na yi ina karanta Tarihi a jami'a, kuma har na shiga ajin ƙarshe babu malami ko ɗalibi ɗaya da ya san sana'ar babana. In an tambaye ni sai in ce ɗan kasuwa ne a Talata Mafara. Ba ƙarya na yi ba, a kasuwar yake wuni. Abin da nake haɗiyewa shi ne teburin da yake tsayawa a bayansa, da barhon da ke hannunsa. Mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. Tun ina sakandaren kwana na ga yadda fuskar mutane ke ɗan canzawa idan aka ce wane ɗan mahauta ne, sai na koyi kama bakina. Duk farkon zango Baba kan cika mini leda da kilishin da ya yi da hannunsa, ni kuma in ce wa abokan ɗakina a tasha na saya. Yau in na tuna wannan kunya nake ji, amma a lokacin gani nake dabara ce.

Shi Baba bai taɓa hana ni karatun ba, sai dai tsokana. Ranar da na gaya masa abin da aka ba ni in karanta, kallona ya yi ya ce, “Tarihi? Abin da kakarka ka ba ku kyauta bakin murhu, shi za ka tahi nema har wata ƙasa?” Ya yi dariyarsa, ya sa mini albarka. Ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a, kuma na san yana ƙirga shekarun a ransa ko da bai faɗa ba.

A ajin ƙarshe kowa sai ya rubuta kundi, wato bincike nasa na kansa, ya kai wa malamin da aka haɗa shi da shi ya sa hannu. In babu sa hannun nan babu digiri, sai mutum ya ƙara shekara yana kallon 'yan ajinsu suna tafiya. Malamina ɗan gajeren mutum ne mai tabarau, ba ɗan yankinmu ba, mai son aiki kamar me. Kullum maganarsa ɗaya ce: duk labarin da aka ba ka, tambayi kanka wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, kuma don me. Mun haddace wannan har muna kwaikwayonsa a ɗakin kwana. Da ya ce in kawo batu daga garinmu, abin da ya fi kusa da hannuna shi ne tarihin fawa, don a cikinsa aka haife ni. Na tsallake shi da gangan. Na ce zan rubuta tarihin sana'ar su, wato kamun kifi, a gulbin da ya ratsa Maradun da Mafara da Bakura, domin a tunanina babu abin da ya fi kifi nisa da teburin nama. Malam ya ji daɗi, ya ce ba a yi rubutu da yawa a kan Sarkawa, masuntan gulbin nan, ba, in je in nemi tsofaffinsu tun suna raye.

Wani abokina manomin shinkafa ne ya yi mini kwatancen wani tsohon Basarke a wani ƙauye kusa da Bakura, ya ce duk yankin babu wanda ya kai shi sanin ruwa. Na je da hantsi, da wando da riga irin ta 'yan makaranta, da littafi, da waya don ɗaukar magana. Na same shi a gindin wata tsamiya yana ɗinkin koma, ragar kamun kifi, tare da wasu dattawa biyu. Siriri ne, baƙi, idonsa ɗaya ya fara fari. Muka gaisa gaisuwa irin tamu, daga kwana zuwa gajiya, zuwa gida, zuwa ruwa, zuwa hanya, sai da na ji gwiwata ta fara ciwo a durƙushe. Sannan ya yi tambayar da ba a kauce mata a ƙasarmu.

“Ɗan wa kake cikin Mahwara?”

A jami'a ana iya cewa ɗan kasuwa a wuce. A nan kuwa da ka faɗi sunan uba da unguwa an gama saninka. Na faɗa. Tsohon ya ajiye komar a hankali.

“Wanda teburinai ad dab da masu gishiri? Jikan mai dogon barho?”

Na ce shi. Ya dubi dattawan nan biyu, su ma suka dube shi. Sai ya gyara zama, ya haɗe fuska kamar alƙali, ya ce in kunna abin ɗaukar maganata, yau na zo wurin da ya dace.

Sau uku na je wurinsa cikin wata biyu. Da farko ya yi mini bayanin kayan aiki, koma da taru da mamari, da yadda ake hawa gora a bi ruwa, kuma duk wannan daidai ne. Daga nan ya gangara zuwa asali. Ya ce a zamanin da, Sarkawa ne kaɗai masu wuƙa a wannan ƙasa. Suna da wani bara matsoraci wanda ko ruwan gwiwa ba ya iya shiga, sai suka ba shi wuƙa ya zauna a gaɓa yana fasa cikin kifi. Da aka kama shi yana ɓoye kawunan kifi a riga, aka kore shi tudu, ya rasa abin yi sai ya fara gwada wuƙar a kan awakin mutane. Daga tsatson wannan baran, in ji shi, duk mahautan Mafara da Bakura da Maradun suka fito. Ya jero mini sunayen kakanni har bakwai ba tare da ya yi tuntuɓe ba. A zuwana na uku ya ƙara da cewa har zamanin kakansa mahauci ba ya buɗe tebur ranar kasuwa sai ya zo bakin gulbi ya tuɓe takalmi ya gai da sarkin ruwa. Duk abin da ya faɗa sai dattawan nan biyu su gyaɗa kai su ce, “Haka na.” Ni kuma in rubuta a gefen littafi cewa majiya uku sun tabbatar.

Ba wai ban san akwai wasa tsakanin mahauta da masunta ba. Na tashi ina jin Baba da masu kifi suna jifan juna da baƙar magana a kasuwa, a rabu ana dariya. Amma na ɗauka wannan abin kasuwa ne, na marasa aikin yi. Ni a ganina da littafi na zo, daga jami'a, kuma ba a yi wa jami'a wasa. Ina jin mata suna ƙyalƙyala dariya ta bayan danga, na ce wandona suke yi wa. Kuma in faɗi gaskiya, labarin ya yi mini daɗi ta wata hanya mara kyau. Ga ni ina rubuta abin da ya ƙasƙanta gidanmu ba tare da ya dame ni ba, sai na ji lallai na zama masanin tarihi, na fita daga cikinsu.

Wannan labari ya zama babi na uku, shi ne ƙashin bayan kundin. Malam ya karanta, ya rubuta da jan biro cewa wannan sabon bayani ne, har ya ce in an gama zai so in gabatar da shi gaban malaman sashe. Na fito ofishinsa ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Saura kwana goma sha biyu a rufe karɓar kundi na zo gida don in ɗauki hotunan gulbi. Ranar Litinin ce. Bayan la'asar Baba yana zaune a zaure yana wasa wuƙaƙensa saboda kasuwar gobe, sai ya ce ya ji labari ina ta zarya Bakura, wurin wa nake zuwa? Na faɗa masa. Ya ce in kunna ya ji muryar tsohon, sun daɗe ba su haɗu ba. Na yi ta kame-kame, don ban so ya ji zancen baran nan daga waya ba. Ya nace, na kunna.

Da farko yana ji yana wasa wuƙa. Da aka zo wurin kawunan kifi a riga sai hannunsa ya tsaya. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai na ji wani irin sauti, na ɗago, na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, irin wadda ba ta fita sai ta hanci. Da aka kai tuɓe takalmi ya ajiye wuƙar gaba ɗaya ya riƙe ciki, hawaye na bin gemunsa.

“Tsohon banza! To kai mi kac ce mai?”

“Ban ce komi ba, Baba. Rubutawa nike.”

Wannan ya fi komai ba shi dariya. Sai da ya sarara ya lura ni ba dariyar nake ba. Na gaya masa a kan wannan labarin na gina kundina, malamina ya riga ya yaba, kuma saura kwana goma sha biyu. In babin nan ya faɗi, shekara ta faɗi. Nan take dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya tambaye ni awa nawa na ɗauka, na ce sun kusa tara.

“Cikin awa taran ga, ka ji ya ce wallahi ko sau guda?”

Tsoho a ƙasarmu ba ya ba da labarin jiya ma bai rantse sau biyu ba. Na bi maganar a kaina daga farko har ƙarshe, babu. Mutumin ya yi ta zuba ƙarya son ransa, amma bai yarda ya haɗa ta da sunan Allah ba.

“Jiranka shikai ka rama,” in ji Baba. “Basarke bai yi ma ɗan mahauta magana miƙe sai an taɓa juna. Ya jehe ka, kai shiru. Ya ƙara, kai godiya. Mi kaka so shi yi?”

Ban taɓa jin tsoro irin na yammacin nan ba. Na tuna abin da Malam yake nanatawa, wa ya faɗa, wa ya faɗa wa. Na amsa rabin farko, rabi na biyu kuwa na ƙi kallonsa, domin amsar ita ce abin da na shekara huɗu ina ɓoyewa. Majiyoyina uku kuma ashe baki ɗaya ne, dukansu Sarkawa, suna zaune a inuwa guda suna shan daɗin ɗan mahauci.

Washegari Talata, ranar babbar kasuwa, ranar da tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya bar teburinsa ba. Ya je mayanka da sassafe, ya bar wa ƙanensa teburin, ya dawo da cinyar rago a naɗe cikin takarda, ya ce in tashi mu tafi. A kan babur muka je, ina riƙe da cinyar a baya. Bai yi mini faɗa ba ko kalma ɗaya, abin da ya fi faɗan zafi.

Tun kafin ya kashe babur ya ɗaga murya.

“Salamu alaikum! Ina tsohon kwaɗon ga da yar rasa abokin wasa sai ƙaramin yaro?”

Tsohon ya ɗaga kai, ya kare ido da hannu. Da ya gane mai magana sai ya miƙe tsaye da saurin da ban zaci yana da shi ba.

“Amin, wa alaikumus salam! Ku kore awaki, ku rufe garke, ga masu wuƙa sun iso!”

Suka rungume juna. Suka gaisa gaisuwa cikakkiya, da tambayar iyali da ta'aziyyar waɗanda aka rasa tun rabonsu, sannan suka koma fagen fama. Baba ya miƙa cinyar ya ce ga nama, a ɗanɗana a ji abin da mutane ke ci. Tsohon ya karɓa ya shinshina ya ce zai ba kifayensa, in sun ci bai kashe su ba shi ma ya gwada. Mata suka fito daga bayan danga, yanzu ba ɓoye dariyar suke ba. Ni ina tsaye kamar an dasa ni. Sai Baba ya juyo ya ce nasa ya yi, saura ni, don ni aka jefa.

Na iya rubuta shafi ashirin a kan daulolin da suka shuɗe, amma baƙar magana ɗaya ta gagare ni. Kowa ya zuba mini ido. Can dai na daure na dubi tsohon na ce, “Baba, yanzu nig gane abin da yas sa ba ku nisa da gulbi. Shekara tamanin kuna wanka, har yau ƙarnin bai hita ba.”

Ba wata gwaninta ba ce, yaran kasuwa sun fi ni. Amma tsohon ya tafa hannu ya ɗaga su sama.

“Alhamdu lillahi! Yaron ga na da rai! Wallahi na zaci boko ta cinye mai wayo dut.”

Wannan ce wallahinsa ta farko da na ji, kuma ban taɓa jin daɗin kalma kamarta ba. Ya ce tun zuwana na farko yake jira in tanka. Da ya ga shiru sai ya ƙara gishiri, ya ce wannan karon dole in gane. A zuwa na uku har ya yi niyyar fasa ƙwan, sai na durƙusa na yi masa godiya da ladabin da ya sa ya kasa. Da Baba ya gaya masa saura kaɗan wasan ya ci mini shekara guda, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce shi bai san za a sa a littafi a yarda ba, ya ɗauka ko ni ban gane ba malamaina za su gane.

Ya sa aka kawo ruwa muka sha. Ya sallami 'yan kallo, ya yi bisimilla, ya ce in kunna. Muryar da ta fito daga nan ba irin ta da ba ce, a hankali take, da tsayawa, da gyara abin da ya faɗa. Ya ce shi ba a nan aka haife shi ba, a wani ƙauye ne ta wajen Maradun wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan madatsa. Ya faɗa mini yadda gidajen suke a jere, da inda masallaci yake, da yadda ake jira rani ya yi ruwa ya tsinke ya bar gurabe, sannan sarkin ruwa ya sa rana gari duka a shiga su. Ya faɗi kifayen da suka ɓace bayan an tare gulbi da waɗanda suka yawaita. Ya ce da ƙarfinsa yakan koma can da jirgi, kuma akwai wurin da ba ya jefa koma, domin a lissafinsa kabarin mahaifiyarsa yana ƙasa. Yanzu ga tsufa, ga hanyar ba ta biyuwa yadda ake so, ya daina zuwa. Da na tambaye shi ainihin asalin mahauta da yadda wasan ya fara, ya ce, “Wallahi ban sani ba. Haka munka ishe shi.” Na rubuta wannan ma, kuma na ja masa layi.

Baba ya koma gida da azahar, ni na sake dawowa washegari muka ƙarasa. Tsohon ya kuma tura ni wurin wani manomi da wata tsohuwa mai sayar da kifi, waɗanda babu wasa tsakanina da su, don in gwada maganarsa da tasu. Da na hau motar komawa makaranta ina da abin da ya fi tsohon babin nauyi nesa ba kusa ba. Amma sauran abu ɗaya, wanda shi ya hana ni cin abinci a hanya. Dole in gaya wa Malam cewa babin da ya yaba ƙarya ne, kuma babu yadda zan bayyana dalilin ƙaryar ba tare da na faɗi ko ni wane ne ba.

Na same shi a ofis yana duba kundin wani. Na tsaya na ce babi na uku ba shi da tushe, wanda ya ba ni labarin wasa yake yi da ni. Ya cire tabarau ya ajiye.

“Wasa? Don me dattijo zai yi wa ɗalibi wasa har sau uku?”

“Saboda Basarke ne, Malam. Ni kuma ɗan mahauci ne.”

Na ɗauka in na faɗa wani abu zai faru, rufin ofishin ya tsage ko fuskarsa ta yi irin canjin da na sani. Ba abin da ya faru. Fanka tana ta juyawa. Ya dafe goshi ya ce da na gaya masa tun farko da ya gargaɗe ni, amma shi ma da laifinsa, ya tambayi komai game da mai ba da labarin bai tambayi komai game da mai karɓa ba. Ya saurari wani yanki na sabuwar maganar, har wurin da tsohon ya ce bai sani ba. Ya ce wannan ita ce muryar mai gaskiya. Sannan ya ƙirga kwanakin da yatsa, tara suka rage. Ya ce in sake babin daga tushe, kada kuma in yar da ƙaryar, in sa ta a gefe in yi bayanin yadda aka yi ta da dalilinta, domin ita ma shaida ce ta zaman mutanen nan da juna. Sharaɗinsa ɗaya ne: a shafin farko in rubuta ɗan wane gida ne ya yi tambayoyin, don mai karatu ya san da wa ake magana.

Da na fito na zauna a kan wani dakali bakin sashe. Ban san nauyin abin da nake ɗauke da shi ba sai da na sauke. Kwanakin nan na yi su tsakanin laburare da shagon mai buga takardu, kuma ban taɓa yin aiki da sakakkiyar zuciya kamar lokacin ba. Ana gobe za a rufe na kai masa. Ya karanta a gabana shafi bayan shafi, ya gyara waƙafi biyu, ya sa hannu.

Daga bakin ofishin na kira Baba. Yana kasuwa, ina jin saran gatari a kan ƙashi da hayaniyar masu ciniki. Na ce an sa hannu, na gama. Ya yi hamdala sau uku. Sai na ce akwai wani layi a shafin farko da nake so ya ji, na fassara masa: wanda ya yi wannan bincike ɗan mahauci ne daga Talata Mafara, kuma a gidan fawa ya tashi. Saran gatarin ya tsaya.

“Haka kas sa cikin littahin? Malamai su gani?”

Na ce haka na sa. Sannan ya ce in karanta masa da Turancin, yadda yake a rubuce. Baba ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Na karanta masa a hankali, ina ji yana ce wa mai sayen nama ya dakata tukuna.